Ambaliya ta cinye mini ɗaki biyu, ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ruwan bana ya rushe mini ɗaki biyu na ƙasa da rumbu, iyalina suna fake a makarantar firamare. Ta ina ake samun tallafi, kuma wane irin gini ne zai jure ruwa? Daga wani magidanci a karkarar Auyo, Jigawa.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, Malam.

Tallafi takarda yake bi. Sunanka zai fara shiga jerin mai unguwa da dagaci, ya wuce ƙaramar hukuma, sannan hukumar agajin gaggawa ta jiha, SEMA, wadda ke aiki da NEMA ta tarayya. Kada ka kwashe ɓaraguzan kafin masu tantancewa su zo, kuma a ɗauka maka hoto da waya. A rubuta sunanka yadda yake a NIN da asusun bankinka, don saɓanin suna yakan tsayar da kuɗi. Rajista kyauta ce, wanda ya nemi na goro kai ƙararsa wurin hakimi. Abin da aka fi rabawa abinci ne, tabarma, kwanon rufi, siminti da ƙusa, ba kasafai yake isa a gama ɗaki ba.

Batun gini kuwa, ta gindi ruwa yake cin katangar ƙasa: ta jiƙa, ta yi laushi, nauyin sama ya kwantar da ita. Saboda haka ɗan simintin da ka samu a gindin ginin za ka zuba shi. Jira ƙasa ta tsane bayan damina. Duba shaidar da ruwan ya bari a jikin bishiya, ka ɗaga fandisho da bulo mai inci 9 cike da kankare har ya haura ta, ka ciko daɓen ɗaki daidai nan. Shimfiɗa leda mai kauri a kan bulon, sannan ka ɗora tubali. Kwaɓin jera bulo: buhun siminti ɗaya, kwanon sarki 12 na yashi, a riƙa ban ruwa kwana bakwai.

Kada birkila ya yi maka filastar siminti kai tsaye a kan ƙasa. Ɓarewa take, ruwa ya maƙale a bayanta. A kafa ragar waya tukuna, ko a koma wa makuba irin ta da.

In kuwa filin kwari ne da kogin Haɗeja ke malalowa duk lokacin da kacalla ta toshe masa hanya, roƙi dagaci fili a tudu tun kafin ka sayi bulo ko ɗaya.