Malama, ki fara da imel ɗinki kafin Facebook

Malama, kin ce an ƙwace Facebook ɗin ƙanenki ana ta roƙon kuɗi da sunansa, ke kuma kalmar sirri ɗaya kike sawa ko'ina saboda mantuwa, kina neman mafita. Gyaran waya nake yi, irin wannan kukan kuwa ba ya yanke mana a shago.

Gmail za ki fara gyarawa. Yawancin mutanenmu ba su suka buɗe imel ɗinsu ba, wanda ya sayar musu da wayar ne, kuma don sauri sai ya sa lambar wayar mai ita a matsayin kalmar sirri, ko suna da shekarar haihuwa. Lambar nan kuwa tana jikin katin biki, tana allon shago, kowa na da ita. A 2021 ma an baza bayanan masu Facebook miliyan 533 a intanet, har da lambobin waya. Wanda ya shiga imel ɗinki ya gama: sai ya ce ya manta kalmar Facebook ko Instagram, a turo masa hanyar canzawa ta can, ke kina barci.

Kalma ɗaya ko'ina kuma, illarta ba sai kin yi sakaci ba. Kutsen da aka yi wa kamfanin imel na Yahoo a 2013 ya shafi asusu biliyan 3. Idan aka sace bayanan wani shafi, ɓarayi kan sa manhaja ta riƙa gwada imel da kalmar a sauran shafuka ɗaya bayan ɗaya.

A kalmar sirri, tsawo ya fi ƙaƙale amfani. Ki haɗa kalmomin Hausa huɗu ko biyar da ba su da dangantaka, misali tukunya, jirgi, gwanda, fitila, ki cusa lamba da alama a tsakani (kar ki ɗauki wannan, kowa ya gani). Ban da karin magana, ban da sunayen yara. Ki kuma guji haruffa masu lanƙwasa irin ƙ da ɗ, don wata wayar ba su a madanninta, sai ki rasa hanyar shiga. Imel da banki kowanne da tasa, ki haddace su. Sauran ki bar wa ma'ajiyar kalmomin sirri, wato manhajar da ke adana miki su, irin ta Google ko Bitwarden. Ni a ganina rubutawa a littafi a kulle a durowa ba laifi ba ne. Takardar da ake cusawa a bayan rigar waya ce matsala, ina cire su da hannuna in na zo gyara.

WhatsApp shi ba kalmar sirri gare shi ba, lambobi 6 ne ake turowa ta tes. Duk wanda ya kira ya ce za a yi taron ƙungiya ta intanet, ki karanto masa lambar da ta shigo, ɓarawo ne, ko da muryarsa ta malamai ce. Ki shiga saiti ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato ƙarin shinge na biyu kafin a shiga asusunki, haka ma a Gmail da Facebook. Layinki ma ki sa masa PIN, saboda wanda ya fizge waya layin yake fara cirewa don ya taɓa banki.

Shi kuma ƙanenki ya shiga facebook.com/hacked, zai fi kyau ta wayar da ya saba shiga da ita, ya sanar da 'yan'uwa yau kada kowa ya tura ko sisi.