Tambaya da Amsa: Faffaɗan Allo da Wasannin Kwamfuta

Tambaya: Malam, ina da shagon wasannin kwamfuta a Ƙofar Ƙaura, Katsina. Shin kowane wasa ne yake cika faffaɗan allo mai awon 21:9 (wato faɗi kashi 21, tsayi kashi 9)?

Amsa: A'a, ba kowane ba. Yawancin wasanni an tsara su ne bisa awon 16:9. Wasan tseren mota irin Forza Horizon 5 yana cika faffaɗan allo tsaf, amma Elden Ring yakan bar baƙin fili dama da hagu. Ka kuma sani, yawan ɗigon hoton faffaɗan allo mai 3440x1440 ya haura ninki biyu na allon 16:9 mai 1920x1080, don haka katin hoto (na'urar da ke sarrafa hoto a cikin kwamfuta) mai rauni zai sa wasa ya riƙa sarƙewa. Idan allo uku za ka jera, fasahar NVIDIA Surround ko ta AMD Eyefinity ce ke haɗe su su zama ɗaya, sai dai fa janaretan shagonka zai ƙara shan mai.