Ka tambaye ni yaushe zan ba ka usur

Ɗana, ranar Asabar bayan an tashi daga atisaye ka tare ni a bakin fili, kana ɗingishi da wannan gwiwar taka, ka ce: "Koci, shekara takwas ina buga wasa a hannunka, babu yaron da ya fi ni jefa ƙwallo a kwando. Tunda gwiwa ta ƙi, me zai hana ka ba ni ƙananan yara in horar, maimakon ɗaukar jakar ƙwallo da rubutu a littafi?" Ana kiran magariba a lokacin, na ce ka bari. To ga amsar.

Hannunka ya iya jifa, amma bakinka bai san yadda hannun yake yi ba. Na gwada ka ba ka sani ba. Ranar da na ce ka gyara wa dogon yaron nan na unguwar Jekadafari jifarsa, me ka yi? Ka karɓi ƙwallo ka jefa sau uku, duka suka shiga, ka ce masa "haka ake yi". Yaron ya tafa maka, ya koma yana jifa yadda ya saba. Ba ka lura cewa yana buɗe gwiwar hannunsa waje ba, kuma ƙafarsa ta dama tana baya maimakon ta ɗan shige gaba. Abin da ido zai gani a jikin wani ke nan, kai kuwa shekara takwas kana kallon kwando ne kawai.

Ba kai kaɗai wannan ciwo ya kama ba. Magic Johnson, wanda ya ci kofin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, sau biyar da ƙungiyar Lakers, an ba shi horar da ƙungiyar a 1994. Wasa 16 ya jagoranta, ya ci 5, aka cinye shi 11, ya ajiye aikin. Wa zai ce bai san ƙwallon kwando ba?

Dubi kuma Ime Udoka, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne. Da ya gama jami'a a 2000 babu ƙungiyar NBA da ta zaɓe shi. Ya yi ta yawo, ƙananan gasanni a Amurka, Sifen, Faransa, kafin ya samu wurin zama a Portland da San Antonio. Ya buga wa Najeriya gasar cin kofin duniya a Japan a 2006. Tsaron gida da hana abokin hamayya sakat, da wannan aka san shi, kuma ya sha zaman benci. Kada ka raina benci. Wanda ke zaune a kai yana ganin mutum goma a lokaci ɗaya, yana jin abin da koci ke faɗa wa mataimakansa, yana ganin dalilin da ya sa aka fitar da wane aka sa wane. Da ya ajiye wasa a 2012 sai ya zama mataimakin koci Gregg Popovich a San Antonio, shekara bakwai cur, har suka ci kofi a 2014. Ya ƙara shekara ɗaya a Philadelphia, ɗaya a Brooklyn, duk a matsayin mataimaki. Sai a 2021 Boston ta damƙa masa ƙungiya, kuma a shekararsa ta farko ya kai ta wasan ƙarshe. Ƙidaya da yatsunka: shekara tara yana riƙe wa wani allo. Kai wata huɗu ka yi da jakar ƙwallo har ka fara ƙorafi.

Na san za ka kawo mini Hakeem Olajuwon, tsohon tauraron NBA haifaffen Najeriya, tunda hotonsa ne a wayarka. Gaskiya ne, gwani ne kuma ya iya koyarwa. Manyan 'yan wasa irin su Kobe Bryant da LeBron James duk sun je wurinsa koyon aikin ƙafa a gindin kwando. A ganina dalilin shi ne bai taso da wasan ba. Gola ne a ƙwallon ƙafa a Legas, sai yana ɗan shekara 15 ya shiga ƙwallon kwando, don haka kowane taku da hankalinsa ya koye shi, ya san sunan abin da yake yi. Kai tun kana firamare jikinka ya haddace komai.

Ni ma na yi wannan wautar. Farkon da aka ba ni yara, akwai wani mai tsayi kamar sandar rake, na yi ta yi masa tsawa don ya kasa abin da ni nake yi ido rufe. Sati uku ya daina zuwa. Daga baya na ji ashe daga shagon walda yake zuwa atisaye, ko abincin rana bai ci ba. Har yau idan na tuna shi sai raina ya sosu. A garin nan koci sai ya san wanda ya ci abinci da wanda bai ci ba, wanda takalminsa aro ne, da uban da za a je a durƙusa wa kafin ya bar ɗansa ya bi mu wasa Bauchi ko Kano. Sai ya san yadda zai sassauta atisaye da azumi, da lokacin zafin Gombe da simintin fili ke ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi.

Littafin da kake raina kuwa, shi ne makarantar. Wasa kashi huɗu ne, minti goma-goma, kowane hari daƙiƙa 24 ne, ɗan wasa yana yin laifi biyar ya fita. Duk ka san wannan a matsayin mai buga wasa. Abin da nake so ka koya shi ne lissafinsa: babban ɗan wasanka ya yi laifi uku tun kafin hutun rabin lokaci, za ka zaunar da shi ko za ka bar shi? An jefa muku ƙwallo uku a jere, yanzu za ka nemi ɗan hutu ko ka ajiye shi sai ƙarshe? Rubuta abin da kai za ka yi kafin ni in yi, bayan wasa mu kwatanta.

Litinin bayan la'asar ka zo da wuri. Zan ba ka dogon yaron nan shi kaɗai, sati biyu. Sharaɗi ɗaya: ba za ka taɓa ƙwallo ba, hannunka a baya, da baki za ka gyara shi. Idan ya jefa goma daga layin jifan kyauta bakwai suka shiga, sai mu yi maganar usur.