Ku fara da murya kafin ku taɓa kiɗa

Ɗan'uwa, ka ce kai da abokin waƙarka kun daɗe da ajiye aiki, yanzu kuna son komawa situdiyo ku fitar da sabon album na kiɗan kwamfuta, kana tambayar ta ina za ku faro. Ta murya.

Murya tana sauka da shekaru. Inda mai rerawa ke hawa cikin sauƙi a da, yau sai ka ji yana maƙurewa. Ku zauna gaban piyano ku gano iyakar muryarsa ta yanzu, sama da ƙasa, ku tsayar da kiy ɗin kowace waƙa, wato matakin sautin da za a rera ta a kai, a kan haka. In kuka gama kiɗa sannan kuka dawo sauke kiy ɗin, bas ɗin, wato sauti mai kauri na ƙasa, zai dagule, aiki ya koma ɗanye. Wasu mawaƙa biyu na Ingila, Everything But The Girl, sun fitar da album ɗinsu Fuse a 2023, alhali rabonsu da sabon album na situdiyo tun 1999. Muryar Tracey Thorn, mai rerawa a cikinsu, ta yi kauri sosai, kuma ba su ɓoye hakan ba, da ita suka yi aiki.

Tsofaffin fayilolinku na FL Studio, manhajar haɗa kiɗa, kada ku dogara da su. Sau da yawa za su buɗe, amma fulogin ɗin, wato ƙananan manhajojin sauti da aka yi kiɗan da su, babu, sai ka ji wani sauti daban. Wanda ya buɗe lafiya, a fitar da layin kowane sauti shi kaɗai, a fayil ɗin sauti nau'in WAV 24-bit.

Sai matsalarmu ta Sakkwato. Zafi yana sa a bar fanka a kunne, makirufo kuwa ba ya rufa asiri. Ku ɗauki murya bayan isha'i, a kashe fanka da janareto, a koma kan inbata, don ƙarar fanka da janareto wahalar cirewa gare ta. Tsakanin baki da makirufo a bar taƙi ɗaya, ƙarfin sautin da ke shiga kada ya wuce -6dB a ma'aunin manhajar. Lokacin hunturu a ajiye ruwan ɗumi kusa, ƙura na busar da maƙogwaro.

Tun kafin a sa ranar fitarwa, ku rubuta kason kowa a takarda: mai baiti, mai kiɗa, mai haɗa sauti, kowa ya sa hannu. Ku miƙa wa kamfanin da ke rarraba waƙoƙi a intanet aikin da saura mako huɗu, domin ya hau Audiomack, Boomplay da Spotify rana ɗaya.