Me ya sa fentina ke fitowa kamar laka?

Tambaya: Malam, an ba mu aikin zana fuskar 'yar ajinmu, a raba hoton gida-gida, kowane gida a cika shi da kala ɗaya. Na ɗauki kalar a waya, da na haɗa fenti sai ya fito kamar laka. Ɗaliba daga Zariya.

Amsa: 'Yar'uwa, kafin a zo maganar fenti, da wane hoto kika yi aikin? Na san amsar, hoton da aka ɗauka da filta ne, wanda ya mai da ƙawarki fara tas har mahaifiyarta sai ta duba sau biyu. Wannan abin yana ci min tuwo a ƙwarya wallahi, ɗalibai su kawo min hoton da kyamara ta goge duk inuwar fuska, wai in taya su nemo kalar fata, alhali fatar mutum ba kala ɗaya ba ce, goshi daban kumatu daban ƙarƙashin haɓa daban, kuma wannan bambancin shi ke sa zane ya yi kama da mai shi. Ki kashe filtar, ki tsayar da ita bakin taga da safe, ban da filasha, kuma a turo miki hoton a matsayin dokumen don WhatsApp matse hoto yake yi.

Sai kuskure na biyu, kin dangwala ɗigo ɗaya kin ce kalar gidan ke nan. Buɗe hoton a Photopea, wato shafin gyaran hoto na intanet, zaɓi gidan, shiga Filter, Blur, Average, zai tattara ɗigogin ya ba ki matsakaicinsu.

Lakar kuma ga dalilinta: sikirin da haske yake haɗa kala, ja da kore da shuɗi, shi ya sa ja da kore ke ba da ruwan ɗorawa a waya. Fenti shanye haske yake, ja da kore ƙasa-ƙasa za su ba ki, kina ƙarawa yana ƙara duhu. Ni kala uku nake tsayawa a kai, in gwada a gefen takarda in jira ta bushe.

Tambaya: Ina so in haɗa fuskokin 'yan ajinmu su zama fuska ɗaya. Ɗalibi daga Maraɗi.

Amsa: Jera hotunan bisa juna a Photopea, ido ya hau kan ido. Ƙarfin bayyanar hoto, wato Opacity, na ƙasa 100, na biyu 50, na uku 33, na huɗu 25, wato kana raba 100 da lambar hoton, haka har ƙarshe. Ka fara neman izininsu.

Tambaya: Na buga zanena ya fito da duhu, firintar ce ta lalace?

Amsa: Lafiyarta ƙalau, hasken wayarka ne ka ƙure. Rage shi zuwa rabi, gyara hoton, buga ƙarami ka gani kafin ka biya kuɗin babba.