Banki zai iya yi mini gwanjon gida ba tare da kotu ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ni ɗan kasuwa ne a Jos. Na ci bashin naira miliyan 12 a banki, na jinginar da gidana na Rikkos. Kasuwa ta tsaya, wata biyar ke nan ban biya ko sisi ba. Yanzu sun aiko da takarda wai za su yi gwanjon gidan. Suna da wannan iko ba tare da an je kotu ba?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya kawo mafita.

Ɗauko takardar da ka sa wa hannu ranar da aka ba ka kuɗin, domin amsarka tana cikinta. Idan takardar mallakar gidan kawai ka ajiye musu, ba a rubuta cikakkiyar yarjejeniyar jingina ba, banki ba ya iya sayarwa da kansa sai kotu ta ba shi izini. Amma idan an rubuta ta, gwamna ya amince kamar yadda Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta tanada, aka yi rajista, to suna iya sayarwa ba tare da alƙali ya ji ba.

A Filato har gobe dokar jingina ta 1881 da muka gada daga Ingila ce ke aiki. Ta ce ikon sayarwa yana tabbata idan sun rubuto suna neman kuɗinsu aka yi wata uku ba ka biya ba, ko kuɗin ruwa ya yi wata biyu a kanka. Kai ka riga ka haye wa'adin sharaɗi na biyun. Bankuna ma sukan rage wa'adin a cikin yarjejeniya, a shafin nan mai ƙananan rubutu da ba mai karantawa ranar da ido ke kan kuɗi.

Duk da haka gidan bai zama nasu ba. Kana da haƙƙin fansarsa muddin ba a ƙulla ciniki da mai saye ba. Banki ba ya sayar wa kansa. In an sayar, za su cire kuɗin hidimar gwanjo da bashinsu, ragowar taka ce. In bai kai ba, za su bi ka cikon.

Kada ka dogara da kotu ta tsayar da su. Yawanci sai ka ajiye kuɗin da suke bi a gabanta, kuma arha kaɗai ba ta rushe ciniki sai an nuna haɗin baki ko zamba.

Da ni ne kai, makon nan zan nemi cikakken bayanin asusun, in kai wa akanta, wato masanin lissafin kuɗi, ya tantance, don ana samun cajin da ya wuce ƙa'ida. In an samu, a kai ƙorafi banki, in sun ƙi a wuce Babban Bankin Najeriya. Sannan ka je da lauyanka ka nemi ɗaya cikin biyu a rubuce: su sake tsara biyan, ko su ba ka wata uku ka nemo mai saye da kanka. Dillalan Jos sun san farashin gida a Rikkos, mai zuwa gwanjo kuwa araha ya zo nema.