Ba Bilbao ce ta kashe United ba

Ɗan'uwa, ka tambaya ko wasan ƙarshe na kofin Europa da Tottenham a birnin Bilbao ne ya ɓata wa Manchester United kakar 2024/25. A'a wallahi, tun kafin Bilbao ta mutu. Ƙungiyar da ta ƙare ta 15 a Firimiya da maki 42, aka doke ta sau 18, ai kofin Europa asiri kawai zai rufa mata.

A gidan kallonmu na Agege, da Brennan Johnson na Tottenham ya ci ƙwallon nan da ta ba su kofin gab da hutun rabin lokaci, 'yan Arsenal suka fi kowa ihu, alhali Tottenham abokiyar gabarsu ce!

Ni dai koci Amorim nake zargi. Ya zo a Nuwamba ya kafe sai 'yan baya uku, da yaran da tsohon koci Ten Hag ya sayo don wani tsarin daban.